Ranar da Kakarki ta Yi Ciwon Haƙori

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya a Yamai, ke da masu masaukinki. Allah Ya sa jirgin da za ki shiga ya tashi da ke lafiya, ya sauke ki lafiya. Har yau ban gane yadda ƙarfe ke tsayawa a sama ba, kuma na daina tambaya, don duk wanda ya yi mini bayani tsoro yake ƙara mini. Mu nan lafiya lau. Labarin gero da na awaki Mamanki za ta ba ki ta waya, ta fi ni sanin wadda ta haihu da wadda ta shiga gonar mutane.

Ranar da za ki tafi kin bar mini tambaya, na ce zan amsa a rubuce, kinka yi dariya. Ina da dalili. In ina magana da ke baki da baki, kafin in kai ƙarshen zance kin tare ni da hujjoji, rabinsu da Faransanci. Takarda kuwa ba a katse ta. Sai dai ki yi haƙuri da rubutun. Kin san lakkol ɗina, makarantar Faransanci, a aji biyar ta tsaya, ranar da mushe, malaminmu, ya duba diktena, rubutun shifta, ya ce jan alƙalaminsa ba zai isa ba. Hausar boko kuma a karatun manya na koye ta, tsakanin tsofaffi masu gyangyaɗi, shi ya sa na zo na ɗaya.

Bari in maimaita tambayar, kada ki ce na karkatar da ita. Za ki ƙasar Turawa ki yi karatu a kan tsofaffin labaran Nasara, waɗanda malamansu na zamanin da sunka rubuta, na 'yan matan da anka kashe don sun ƙi barin addininsu. Kin zaunar da ni ƙarƙashin dogon yaro kinka nuna mini zanensu a wayarki. Kin ce ba a gane su da fuska, duk kamar 'ya'yan mace ɗaya suke. Da abin da sunka riƙe ake gane su. Wannan na riƙe da faranti da idanunta a ciki, alhali ga wasu idanun a fuskarta tana kallonmu da su. Waccan farantinta na ɗauke da abin da ake shayar da jariri da shi, ban ƙara kome a kai ba. Wata awartaki gare ta da haƙori a bakinsa. Akwai wadda anka tuɓe a bainar jama'a, gashinta ya tsiro nan take ya rufe ta har ƙafa. Akwai wadda ta yi shigar maza ta zauna cikin maza masu ibada har ta tsufa, ba wanda ya sani sai da anka zo wanke gawarta. Kin ce abin da za ki bincika shi ne yadda jikin mace ya zama shi ne shaidarta, shi ne ma sunanta.

Sannan kinka nuna mini hoton kakarki, takwararki, wanda kinka ɗauka tana shafa man kaɗe a bayan ɗaki, ba riga, duk tabon bayanta da na cikinta a fili. Ita ta zaci wasa kike. Kin ce kina so ki buɗe babban rubutunki da shi, ki rubuta a ƙasa cewa ga wata da ta ɗauki addinin kakanninta a fatarta, ta ɓoye shi ƙarƙashin riga sa'ad da gari ya musulunta. Kin nemi iznina don ni ne maigida. Wannan ita ce tambayar.

Na juya ta na juya, na ga ba ni da ilimin amsa ta. Kurakurai nake da su, su kam rumbu guda. Zan ɗebo miki kaɗan.

Amma kafin nan, ki san 'yan majalisarmu sun ce na tura ki ki zama Nasara. Na ce musu ai liman ya shekara da shekaru yana karanta labarin Fir'auna bai zama Fir'auna ba, ko da yake ban tambayi mutanen gidansa ba. Shi liman da maganar ta kai masa dariya ya yi, ya ce in gaya miki ki riƙe sallarki. Na gaya miki ke nan. Ni kuma ina ƙarawa: kada ki yi wa waliyyan mutane dariya a gabansu. Ni na yi ƙarƙashin dogon yaro, amma ni ba baƙon kowa ba ne, kuma za ki ji dalilina in kin ci gaba.

Kuskure na farko a kan Mamanki na yi shi. A gidan iyayenta, can Babankatami, ta haife ki. Matan da sunka zauna da ita sunka ce ko tari ba a ji ba, sai kukanki. Na ɗauki maganar nan na zaga gari da ita kamar ni na yi naƙudar. Na faɗa a majalisa, na faɗa a kasuwa, na faɗa wa mai shayi. Da yawan faɗa sai na gaskata kaina, na zauna a kan cewa matata ba irin sauran mutane ba ce, zafi ba ya shigarta.

Bayan ta haifi ƙanenki Sani sai nononta na dama ya kumbura. Ina ganinta tana daka da hannu ɗaya, tana juya yaro gefe guda kullum. Na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Kin san garinmu: mutum na shure-shuren mutuwa in ka tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Na san haka sarai. Amma amsar ta yi mini daɗi, don ana aikin albasa a kwarin Madawa kuma abokaina sun shirya. Na tafi. Da na dawo na iske ba ta iya ɗaga hannu, jikinta kamar murhu. Munka sa ta a amalanken jaki sai likita. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya duba, ya tsaga wurin, abin da ya fito ba na rubutawa ba ne. Da ya gama ya wanke hannu ya dube ni, ya tambaye ni cikin ladabi ko gida ɗaya muke kwana da matar nan. Har yau tabon yana nan, kuma Sani gefe ɗaya ya sha har anka yaye shi. Wataƙila shi ya sa tunaninsa ma gefe ɗaya yake bi.

A hanyar dawowa na ce mata ai laifinta ne da ba ta faɗa ba. Jaki na ta tafiya. Can ta ce, “Ni na yi shiru don an ce mini haka ake yi. Kai wa ya ce maka kada ka duba?”

Na tuna da wannan sa'ad da kike gaya mini 'yan matan nan naki suna murmushi a kan garwashi, suna ce wa sarki sanyi suke ji kamar raɓa. Na tambaye ki wa ya rubuta, kin ce yawanci maza ne. Ban yi mamaki ba. Da na iya rubutu a wancan lokacin, haka zan rubuta a kan Mamanki, kuma da zuciya ɗaya, ina ganin yabonta nake. Ban ce malaman nan maƙaryata ba ne, ban san su ba. Na ce dai in kin karanta inda anka ce mace ba ta ji zafi ba, ki duba wanda ke faɗa, ki ga ko yana da aikin albasa da ke jiransa. Ke kuma, in ciwo ya kama ki a ƙasar sanyi, ki bar “da sauƙi” a filin jirgin Yamai. Ki tafi likita da wuri, ki faɗi inda ke ciwo, ki yi kuka in ta kama. Da Faransanci ma, tunda mun sha wahalar koya miki shi.

Kuskure na biyu ya girmi na farko, ina saurayi na yi shi. Lokacin aikin dutse ne, sa'ad da anka tashi gyaran faƙo a ƙasar Keita. Maza sun tafi cin rani bakin teku, mata ne sunka ɗauki duwatsu a ka sunka jera su layi-layi a kan tudu don su tare ruwa. Itatuwan da kike gani yanzu a hanyar Ibohaman, a bayan duwatsun nan sunka tsiro. Ni ban ɗauki dutse ba. Ajina biyar ya mai da ni tafinta, in baƙi sun zo ni ake kira. Faransancina kamar rigar yaro a jikin babba yake, ba ya rufe kome amma ana ganin an sa riga.

Kakarki kuwa ita ce shugabar ƙungiyarsu. Ita ke ba da waƙa, ita ke yi wa masu duba aiki ba'a har su gudu. Daga tudu zuwa tudu ana jin muryarta. Tana da awakinta, tana da 'yan kunnen azurfa, ba ta zuwa ko rijiya ba kwalli.

Wata rana wani Bature mai ɗaukar hoto ya biyo baƙi. Ba ma'aikacin wurin ba ne, mai wucewa ne. Ya ce in samo masa mace wadda gajiyar ƙasar nan ta fito a fuskarta. Ni abin da na ji shi ne za a ɗauki mace hoto, na ce wannan daraja ba za ta wuce gidanmu ba. Na ruga na kira tsohuwa. To, ranar haƙorinta na ciki ke ciwo. Ba ta yi barci ba, kunci ya kumbura, ta ɗaure haɓa da tsumma, ta ɗauro zanen da ya fi kowane tsufa don daga wurin aiki wajen wanzami za ta a cire shi. Bature ya gan ta ya yi murna ƙwarai. Ya ce ta ɗauki dutse, ta ɗauka. Ya ce kada ta yi dariya, wannan bai yi mata wuya ba.

Bayan damina sai ga hoton, babba, an liƙa a bangon wani biro, wato ofis, a Keita, da rubutu a ƙasa. Ranar kasuwa matan garinmu sunka ɗunguma kallo, sunka tafi da ita, sunka tafi da ni in karanta. Na karanta a zuci, na ga ma'anarsa ita ce ga uwar da ba ta da kome a duniya sai wahala. Da ina da wayo da na ce an rubuta ga shugabar mata. Amma ina so a ga na iya karatu, na fassara daidai, da ƙarfi. Ita ce rana ɗaya a rayuwata da na yi fassara ba kuskure.

Daga ranar ƙawayenta sunka sa mata suna Abar Tausayi. In ta ba da waƙa sai su amsa da kukan ƙarya. Ba ta yi mini magana ba tun daga kaka har anka shiga azumi. Abin da ta faɗa mini a ƙarshe ban manta ba: “Duk duniya za ta san ni da kumburin kunci da tsumma. Ko kwalli ba ka bari na sa ba.”

Ki lura, Uwata, ba abin da ke cikin hoton nan da ba gaskiya ba. Dutsen dutse ne, mai nauyi. Hannuwan sun faffashe da gaske. Shekarun ma na yunwa ne, ba na musu. Amma fuskar ta haƙori ce. An ɗauki rana ɗaya daga cikin ranakunta anka ce ita ke nan. Shi ya sa da kinka nuna mini yarinyar nan mai awartaki na yi dariya har ranki ya ɓaci. Kakarki na gani. Na ce a raina wataƙila wannan ma ta iya waƙa, ko ta iya miya, ko kullum cikin faɗa take da ƙanwarta, amma an bar ta da haƙori a hannu har tashin duniya. In malamanki sun yarda, ki tambayi takardun nan abin da 'yan matan ke yi a ranakun da ba a kashe su ba. In takardun sun yi shiru, ki rubuta cewa sun yi shiru.

Ke ma za a karanta ki. Za su ga kallabinki da baƙar fatarki tun kafin ki buɗe baki. Wasu za su so ki zama abar tausayi, wasu za su so ki zama jarumar da ta kuɓuce mana. Duka biyun suna da daɗin sawa, ƙofofi na buɗewa da su. Kada ki bari a ɗauke ki hoto ranar ciwon haƙori, kada kuma ki ɗaura tsumman da kanki don kin ga yana ja. In sun tambaye ki labarin ubanki, ki ce talaka ne mai surutu wanda bai hana ki kome ba. Kina iya ƙarawa da kyakkyawa ne, ba su da hanyar bincikawa.

Na uku shi ne wanda ya kawo mu nan, kuma ke na yi wa shi. Kina ƙarama a ɗakin kakarki kike kwana. Wata rana ina tufkar igiya kinka zo kinka tambaye ni mene ne layukan da ke bayan Takwara. Ba za ki tuna igiyar ba, amma na ga kin tuna amsar. Na ce miki rubutun mutanen da ne, kowane layi na iskan wani dutse ne daga cikin waɗanda kakanninmu ke yi wa yanka kafin damina, na ƙarƙashin haƙarƙari kuma hatimin mai tsafin gari ne. Kinka zaro ido. Ni kuwa in yaro ya zaro ido ba na iya tsayawa, sai na ƙara. Kafin la'asar na manta. Ke kinka ɗauke shi kinka kai jami'a, yanzu za ki sa shi a jirgi.

Gaskiya ne gidanmu Azna ne, masu addinin gargajiya. Kakana ya yi yanka a gindin dutse, ba a ɓoye ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma tabon jikin tsohuwa ban taɓa tambayarta ba. Wane ɗa ne ke tambayar uwarsa labarin cikinta? Abin da ban sani ba ne na cika da baki. Shawarata a nan gajera ce: kome kinka ji daga bakin mai ba da dariya, ko ubanki ne, ki nemi shaida ta biyu.

Bayan tafiyarki na ga ba makawa, na je na tambaya. Da hantsi ne, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na tafi da Mamanki don ta tsaya tsakani. Na zauna nesa na fuskanci bango, na tambayi bango. Ita kuma ta amsa wa akuyar da ke ɗaure kusa da ita. Haka munka yi hirar, mu huɗu.

Ta ce na baya tabon ƙaho ne. Tun aikin dutse bayanta ke ciwo, duk shekara wanzami na zuwa ya yi mata ƙaho, kuma da ina da ido da na gan shi yana shiga gidanmu. Na ƙarƙashin haƙarƙarin hagu na saifa ne, tana yarinya cikinta ya kumbura anka tsaga mata. Na fuska tsagar gida ce, irin wadda ke fuskata, mai salla da marar salla duk ita gare su. Jarfar wuya da ta ƙirji kuwa ita da ƙawarta Tabawa sunka je anka yi musu suna 'yan mata, saboda wani saurayi mai kiɗa. Mamanki ta ce ashe Baba ya yi kiɗa. Tsohuwa ta ce wa akuya ita ba ta ce Baba ba.

Na tambayi bango maganar salla, ko an matsa mata. Ta ce wa ya isa. Ta ce Tabawa ce ta fara salla, ita tana yi mata ba'a. Da Tabawa ta rasu sai ta ji malamai na cewa masu salla wuri ɗaya za a tara su, ita kuwa ba ta so Tabawa ta zauna can tana hira da wasu. Da haka ta fara, daga baya abin ya shige ta, yanzu ita ke tashin gida da asuba. Riga kuma ta fara sawa ne sa'ad da kowa ya fara, don riga ta zo kasuwa.

Sai abu ɗaya. Akwai 'yan tsagu ƙanana ƙasan cibiya, suna cikin hotonki. Da Mamanki ta tambaya sai tsohuwa ta aje gyaɗar. Ta ce wannan kam na tsofaffi ne, kakarta ce ta yi mata da hannunta ta shafa abin da ta shafa. Na jira ta ci gaba. Ta ce ba nawa ba ne, ba na Mamanki ba ne, ba na Turawa ba ne. Kin ga ke nan ƙaryata ba ta faɗi ƙasa duka ba, ta taɓa gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin ne anka rufe.

Daga nan na gaya mata maganar hoton da abin da kike so ki yi da shi. Da farko bayan ne ya ba ta haushi, ta ce wa ke gane mutum da baya. Sannan ta bar akuya ta juyo ta dube ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ta ce, “Ka gaya wa Takwara, jikin ga ba ɓoye shi na yi ba, aje shi na yi. Ubanka ya gani, ya tahi. Waɗanda sunka rage su gani mata ne masu ruwa da sabulu, su kuwa ba su ba da labari.”

Na koma ɗaki ina tuna matar nan taki mai shigar maza. Kin ce da masu wanka sunka ga abin da sunka gani sai sunka fita da gudu sunka shaida wa gari, da haka ta zama waliyya. Nan wurinmu mai wankan gawar da ta fito ta faɗi abin da ta gani ba a sake kiranta, ko gaisuwarta ba a so. Da a garinmu matar nan ta mutu, da an rufe ta da sirrinta, da ba ki da abin karantawa. Ban san wanda ya fi ba, nasu ko namu, ban kai nan a lakkol ba. Amma tsohuwar da ta yi shekaru a matsayin namiji ba ta gaya wa kowa ba, ina jin ba ta so a sani. In wannan zai yi miki amfani a rubutunki ki ɗauka, ba sai kin sa sunana ba.

To ga amsata. Iznin da kinka nema ba a hannuna yake ba. Na taɓa ba da jikin kakarki sau ɗaya ba da saninta ba, kin ji yadda munka ƙare. Mai shi ta ce a'a. Ki goge hoton daga wayarki, ki goge shi kuma daga can sama inda Sani ya ce wayoyi ke ajiyar kaya. Ba ni da hannun da zai kai inda za ki, ba mai duba wayarki. In kin sa shi malamanki za su yaba, na sani, ya fi kowane kyau a wurinsu. Tsohuwa kuma ba za ta taɓa ji ba. Ke kaɗai za ki sani, ke da ke ɗauke da sunanta.

Amma ba ta ƙi shiga littafin ba. Ta ce in dai Turawa za su gan ta, to su gan ta da kyau wannan karon. Na yi kuskuren gaya mata yadda 'yan matanki ke riƙe da abin da ake gane su da shi, ta ce ita ma sai ta riƙe nata.

Ranar kasuwar Ibohaman munka kai ta wurin mai hoto. Ta kwana da lalle, ta sa kwalli har ya yi yawa, ta fito da baƙin zanenta na rini da 'yan kunnen azurfa, ta ari takalmin Mamanki wanda ya yi mata kaɗan. Mai hoto ya miƙa mata furen roba, ta ce ita ba amarya ba ce. Na ce ko a samo mata dutse. Kallon da ta yi mini har yanzu ina jin shi a ƙeya. Mamanki ta ce tasbaha, tsohuwa ta ce Allah ya riga ya sani, ba sai an nuna Masa a hoto ba. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar wayar nan da kinka saya mata, ta ɗaga ta kusa da kunci, kuncin dai na wancan karon. Mai hoto ya ce ta natsu. Ta ƙi, ta yi dariya har giɓin haƙorin ya fito.

Hoton yana cikin ambulan ɗin nan. Za ki ga wayar a juye take, kai a ƙasa. Na gani a lokacin na yi shiru, na gaji da gyara wa matar nan hoto. Ta ce a rubuta a ƙasa, da Hausa, kada a bar ni in fassara: wagga tana jiran kira.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare jikinki da imaninki, Ya buɗe miki karatu, Ya dawo mana da ke muna raye. Mamanki na gaishe ki, ta ce ki sa rigar sanyi ko ba ki ji sanyi ba. Sani na gaishe ki. Liman na gaishe ki.

Ki kira kakarki kafin ki shiga jirgi. Tun ranar kasuwa ta hana kowa taɓa wayar, wai kada ki kira ki iske wani a kan layi.

Ni ne ubanki,
tafinta mai ritaya.